Yadda ake haɗa igiyar ado da ƙyallayen atamfa ba tare da ɗinki ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Yayata da ke zaune a Amurka ta turo mini hoton falon maƙwabciyarta. An rataya wata igiya a saman taga, an ɗaɗɗaure ta da yankakkun ƙyallaye kala-kala, wai adon bikin Ista ne, kuma ta ce ba a ɗinka komai ba. Ina son in yi irinta a falona saboda ƙaramar Sallah, amma ba ni da keke, ko allura ban iya riƙewa ba. Wane yadi zan saya, nawa zai ishe ni, kuma yaya ake ɗaurin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da yayarki ta faɗa haka yake, babu allura a aikin nan, babu keke. Almakashi ne da igiya da hannunki, sai haƙurin zama. Amma bari in tsayar da ke a kan maganar saye, kada ki sayi yadi tukuna. Mafi yawan abin da kike bukata yana zube a ƙarƙashin teburin telanki, kuma ya fi wanda kika gani a hoton dacewa da falonki.

A can Amurka wannan ado ya fito ne daga ɗabi'ar rashin zubar da ragowar yadi. Matan karkara sun daɗe suna haɗa barguna da shimfiɗun ƙasa daga ƙyallaye, kuma a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikinsu ya karye, har buhunan fulawa da na abincin kaji, waɗanda na auduga ne masu zane, mata ke farkewa su ɗinka wa yara riguna. Yanzu da hali ya samu sai ake sayen sabon yadi a yanka don ado, ana canza launi gwargwadon lokacin shekara. Ista tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, daidai lokacin da sanyinsu ya wuce, itatuwa suka fara toho. Shi ya sa kika ga launukan hoton duk masu sanyi ne, ruwan hoda mai haske, rawaya mai haske, kore irin na sabon ganye. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah ma ta zo a wannan tsakanin, a 2024 an yi ta 10 ga Afrilu, a 2025 kuma 30 ga Maris. Sai dai watannin da Amurkawa suke fitowa daga ƙanƙara mu muna tsakiyar zafin bazara ne, ga rana mai ƙarfi, ga ƙurar da ba ta gama kwanciya ba. Yadi mai hasken launi a bakin tagarmu kwana kaɗan zai yi ya dafe, kuma idan bangonki ruwan madara ne, kamar yawancin gidajenmu, adon zai ɓace a jikinsa. Atamfa ba ta da wannan matsalar. Ni dai shawarata ki ɗauki dabarar, ki bar musu launinsu.

Ki je wurin tela tun farkon azumi. Idan kika bari aka shiga goman ƙarshe, ko sallamarki da ƙyar zai amsa. Ki ce ya ajiye miki ragowar ɗinkinki da na yaranki, ki kuma roƙi ya tara miki na sauran mutane a leda. Wasu telolin kyauta suke bayarwa, wasu suna sayar wa masu cusa matashin kai, don haka ki riƙe ɗan abin da za ki ba yaran shago. Ƙyallen da bai kai tsawon tafin hannunki har wuyan hannu ba ki bar shi, ba zai ɗauru ba.

Zaɓen yadi shi ne rabin aikin, don haka a nan zan daɗe. Abu na farko da za ki duba shi ne bayan ƙyallen. A ɗinkin riga bayan yadi yana ciki, ba mai ganinsa. A nan kuwa duk ƙullin da kika yi sai ya juyo da baya waje, babu dabarar hana shi. Atamfa ta gaske, irin su Holan da Super da makamantansu, rininta ya ratsa gaba da baya kusan daidai, har wani lokaci sai kin ƙura ido kafin ki gane fuskar. Mai arhar nan da aka buga wa zane a fuska ɗaya kuwa bayanta fari-fari ne, idan kika cika igiya da ita za ta fito kamar an yayyafa mata gari. Ba na cewa ki watsar da ita gaba ɗaya, amma kada ta wuce ɗaya cikin huɗu, kuma ki ajiye ta don ɗauri na biyu da zan bayyana, wanda ya fi ɓoye baya.

Abu na biyu, auduga ce ko roba ce. Auduga tana riƙe ƙulli, tana tsagewa a miƙe, tana tsayawa da jikinta. Yadin roba yana da santsi, kin ɗaure yau gobe ya sassauta, kuma idan kika ja shi don ki tsaga sai bakin ya tattare. In kina shakka, ki yanki ɗan ƙarami ki riƙe da cokali mai yatsu, ki kai shi bakin ashana a tsakar gida, da ruwa a kusa. Auduga za ta ci da wuta tana warin takarda, ta bar toka mai laushi da za ta murje a yatsa. Roba za ta narke ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Wannan gwajin zai amfane ki har a Kantin Kwari ranar da za ki sayi turmin ɗinki.

Shadda tana da kyau a ido saboda sheƙinta, sai dai tana da tauri, ƙullinta ƙato ne, kuma bakinta yana zarewa sosai. Idan kina da ragowar ta maigida, ki yanka ta siririya da almakashi, kada ki tsaga, ki sa ta jefi-jefi. Leshi mai duwatsu ki bar shi, nauyi ne kawai. Leshin auduga mara nauyi, musamman fari, yana ƙara kyau idan ya shiga tsakanin atamfofi masu duhu. Yadin mayafi mai santsi kuwa zai ba ki wahala ba tare da ya biya ki ba. Idan kuma kin samu rinin baba irin na Ƙofar Mata, shuɗinsa ba shi da na biyu, amma yana zuba. Ki jiƙa farin tsumma ki goga a jikinsa tukuna. In ya kama launi, to zai kama bangonki da labulenki ranar da damshi ya taɓa shi, sai ki wanke shi har ruwan ya washe kafin ki yanka. Ki yi wa jan yadi wannan gwajin ma.

Sai maganar launi, inda mutane da yawa ke ɓata aikinsu bayan sun sha wahalar ɗauri. Da zarar kin yanka atamfa zuwa faɗin inci ɗaya, zanen ya tafi. Furen da kike so, ko tsuntsun, ko ganyen, babu wanda zai sake gane shi, launi kaɗai ya rage. Don haka kada ki zaɓi ƙyalle saboda zanensa. Ki zube su a tabarma, ki ja da baya zuwa bakin ƙofa, ki duba wane launi ne ya rinjayi kowanne, ki ware su tsibi-tsibi. Daga nan ki dubi kujerunki da labulenki ki zaɓi launi uku, kada ki wuce. Misali, idan kujerun ruwan ƙasa ne, ruwan goro da kore mai duhu da ruwan zuma za su zauna lafiya. Idan ruwan toka ne, shuɗi da shunayya da ɗan ruwan hoda. Sannan ki ƙara yadi mara zane, fari ko ruwan madara, ya zama kusan ɗaya cikin kowane uku ko huɗu. Wannan ne kawai nake yarda ki fitar da kuɗi ki saya, rabin yadi ya isa. Shi ke raba launukan ido ya samu wurin hutawa. In babu shi, komai tsadar atamfofin, daga nesa abin zai zama tarin tsumma a igiya, kuma na san ba shi kike so baƙinki su gani ranar Sallah ba.

Kafin yanka, ki goge ƙyallayen da dutsen guga. Idan sababbi ne masu ƙarfin sitaci, a bar su haka, ƙarfin yana taimaka wa gezar ta miƙe. Ki cire gefen atamfar nan mai rubutun kamfani.

Ga lissafin da kika tambaya. A ce tagarki ko ƙofar falonki faɗin yadi 2 ce, wato inci 72. Idan gajeren ɗauri mai cika za ki yi, irin na hoton, kowane yanki ya zama faɗin inci 1, tsawon inci 9. Ƙulli biyu ne ke cin kusan inci ɗaya na igiya, don haka kina bukatar wajen 144, ki yanka 160 don kada ki tashi neman ƙari a tsakiyar aiki. Faɗin atamfa yana kai inci 45 ko ɗan fiye. Yadi ɗaya, inci 36 ke nan, zai ba ki dogayen tsagi 36, kowanne ki raba shi biyar, kin samu 180. Kin ga ashe yadi ɗaya kacal, in an haɗa duka launukan, ya ishi taga guda. Turmi mai yadi 6 zai ishi taga shida ya yi saura. Idan doguwar geza kike so mai saukowa ƙasa, ki yi faɗin inci ɗaya da rabi, ki raba kowane dogon tsagi biyu kawai, wajen inci 22 kowanne. A nan za ki bukaci kusan guda 100, wato yadi 2 da ɗan ɗoriya. Wannan ƙiyasi ne, kaurin yadi da ƙarfin hannun mai ɗauri suna ɗan canza shi.

Tsagawa ta fi yanka sauri nesa ba kusa ba, in dai ƙyallen babba ne kuma auduga. Ki ɗan datsa bakinsa da almakashi a kowane inci, ki kama gefe biyu ki ja da ƙarfi lokaci ɗaya, zai bi zarensa ya tafi a miƙe. Tsagin farko yakan karkace saboda yankan tela ba lallai ya bi zare ba, ki ajiye shi gefe, na biyu zai daidaita. Bakin zai fito da 'yan zarurruka, ki zare dogayen da hannu, gajerun su ne ke ba adon laushinsa. Idan ba ki son wannan kamannin, kina son baki mai tsafta, ki ari almakashi mai haƙora wurin tela, shi yana rage zarewar yadi. Ƙananan ƙyallaye masu karkataccen yanka dole sai almakashi. Don ki huta da awo, ki yanki kwali mai tsawon inci 9, ki naɗa dogon tsagin a jikinsa, ki datse ninkin sama da na ƙasa, duk za su fito tsawo ɗaya. Kuma kada ki damu idan wani ya ɗara wani da rabin inci, ba a gani.

Igiya ki nemi mai kaushi. Igiyar rama siririya ko zaren auduga mai kauri, kamar kaurin fensir ko ƙasa da haka, su ne daidai. Igiyar shanya ta roba ƙullin zai riƙa zamewa a kanta, duk ya taru a tsakiya inda ta sauko. Ki auna faɗin wurin, ki ƙara inci 10 saboda ta ɗan sauko a tsakiya, ki ƙara inci 12 a kowane gefe don ratayewa. Ki yi ƙulli babba a inda ƙyallen farko zai fara da inda na ƙarshe zai tsaya. Sannan ki ɗaure igiyar tsakanin kujeru biyu, ko ƙarfen taga da ƙafar tebur, ta miƙe daidai ƙirjinki kina zaune. Wanda ya ɗora ta a cinya yana ɗauri zai gaji tun bai yi nisa ba, ƙullin kuma kowanne zai kalli nasa gefen.

Ɗauri iri biyu ne. Na farko shi ne wanda kowa ya iya: ki sa tsakiyar ƙyallen a bayan igiya, ki kawo bakin biyu gaba, ki ƙulla sau ɗaya, ki ja sosai. Sau ɗaya ya isa a auduga, sau biyu yana sa ƙullin ya yi ƙato ya cinye tsawon. Bakin ɗaya zai kalli sama, ɗaya ƙasa. Kowane biyar ko shida da kika ɗaura, ki tura su su matsu da juna har igiyar ta ɓace, ki ɗan murɗa wasu su kalli gaba, wasu baya. Matsin nan shi ne sirrin cikar da kika gani a hoton. Duk inda aka hango igiya tsakanin ƙulli, an yi rowar ƙyalle.

Na biyu shi ne na doguwar geza. Ki ninka ƙyallen biyu, fuskar kirki tana waje. Ki sa bakin ninkin a bayan igiya ya leƙo sama, ki lanƙwaso shi gaba, ki zura jelar biyu ta cikin kafar da ninkin ya bari, ki ja ƙasa a hankali har ya kama. Jelar biyu za su sauko tare, ƙullin ya kwanta lafiya a sama. Abin kula ɗaya ne, duk ki riƙa sa ninkin ta gefe ɗaya. Idan wani ta baya kika sa, wani ta gaba, layin saman zai fito a hargitse, kuma daga ƙofa za a gani. Wannan ɗaurin ya fi dacewa da saman labule ko bangon da ke bayan doguwar kujera, na farkon kuma ya fi kyau a saman ƙofa ko gefen madubi.

Game da jerin launi, kada ki bi ƙa'ida ɗaya daga farko har ƙarshe, ja, kore, fari, ja, kore, fari, zai yi kama da adon buɗe shago. Kada kuma ki riƙa ɗauka ido rufe, don za ki tarar launi ɗaya ya taru a gefe guda, ya ƙare kafin ki kai ɗaya gefen. Abin da nake yi shi ne in raba kowane tsibi gida huɗu, in ba kowane kwata na igiyar rabonsa, sannan a cikin kwatan in ɗaura yadda ya zo, in dai iri ɗaya ba su jeru fiye da biyu ba. Aikin dare ɗaya ne ko biyu bayan an dawo daga asham, kuma yaran da suka kai shekara bakwai za su iya ɗaurin farko. Ki ba su nasu guntun igiyar su yi wa ɗakinsu, almakashin dai ya zauna a hannunki.

Akwai kuma mai 'yan tutoci masu kusurwa uku, idan kina son zanen atamfar ya fito. Ki ninka ƙyalle biyu, ki ɗora kwali mai kusurwa uku, faɗin inci 6 tsawon inci 8, faffaɗan gefen a kan ninkin, ki zana da alli ki yanka. In kin buɗe za ki ga kusurwa uku biyu manne da juna. Ki rataya ninkin a kan igiya, ki sa gam ɗin nan siriri da teloli ke kama bakin riga da shi a tsakani, ki danna da dutsen guga, ya manne. A nan ma atamfa mai fuska ɗaya ta samu aiki, tunda bayanta a ciki zai ɓuya. Sai dai igiyar ta zama ta auduga ko rama, ta roba za ta narke.

Wajen ratayewa, mafi sauƙi ki ɗaura a bakin ƙarfen labule, hagu da dama. In babu, ƙananan ƙusoshi biyu sun isa, na uku a tsakiya idan ta wuce yadi 2, domin cikakkiyar igiya tana da ɗan nauyi. Kada ki manna da salatif a bango, zafi zai sake shi cikin dare, in kuma ya kama zai taho da fenti.

Wannan maganar kuma ina roƙonki ki riƙe ta da kyau. Ƙyallen auduga da aka tsaga, mai zarurruka a baki, da iska tana ratsa shi ta ko'ina, yana kama wuta nan take, kuma wutar za ta bi igiyar ta kai labule. Ranar Sallah kuwa ranar turaren wuta ce, kasko yana yawo ɗaki-ɗaki, sau da yawa a hannun yarinya. Ki rataya adon sama da inda hannu ke kaiwa, kada a ajiye kasko ko kyandir ko maganin sauro na kunnawa a ƙarƙashinsa. Ki nisanta shi da fanka, ta sama da ta tsaye. Kada ki rataya shi a kan gadon jariri ko inda mai rarrafe zai jawo, igiya ce, tana iya naɗe wuya. Idan kina son ki saƙa 'yan fitilun ado a ciki, ki sayi ƙananan LED masu batir, waɗanda ba sa zafi. Ki kunna su minti goma ki taɓa, in kin ji ɗumi sosai kada ki haɗa su da yadi. Ki naɗa wayar a jikin igiyar bayan kin gama ɗauri, kada ki ƙulla ƙyalle a kan wayar kanta, kuma a kashe kafin a kwanta.

Ƙura za ta hau, ba makawa. Duk bayan kwana biyu ki sauke ki kaɗe a tsakar gida. Idan ta bukaci wanki, ki cire fitilun, ki tsoma ta a ruwan sanyi da ɗan sabulu, ki matsa a hankali ba tare da cuɗawa ba, ki ɗauraye, ki shanya a inuwa a miƙe, don rana tana cin launin atamfa. In ta bushe ki bi ƙullin da hannu ki ƙara ja, ki buɗe gezar da yatsu. Mai tutocin ba ta son ruwa, gogewa da ɗanyen tsumma ya ishe ta. Bayan Sallah ki naɗe ta a jikin faffaɗan kwali, ki sa a tsohuwar rigar filo, ki ajiye a inda damshin damina ba zai kai ba. Idan babbar Sallah ta zo, bayan wata biyu da kwana goma, kina iya kwance launi ɗaya ki maye shi da ragowar sabon ɗinkin da kika yi.